YADDA ZA KA GANE CIWON HAIDIROLIK NA TARAKTA, KA KUMA YI MAGANINSA



Kowace shekara, da ruwan shuka ya sauka a ƙasar Tambuwal da Kebbe, sai ka ga kowa yana neman tarakta a rana ɗaya. Daga Dogon Daji zuwa Sanyinna, daga Jabo zuwa Kuchi, taraktocin kaɗan ne, masu jira kuwa da yawa. A irin wannan lokaci ne kakan ji direba ya ce, "Alhaji, sai haƙuri, haidirolik ya ƙi ɗagawa." Inji yana ruri lafiya lau, tayoyi lafiya, amma garma ta kwanta a ƙasa ta ƙi tashi. In aka yi mako guda ana jiran gyara, laimar ƙasa ta tafi, kai kuma ka koma cikin masu shukar baya.

An rubuta wannan takarda domin ƙungiyoyin manoma masu tarakta ta haɗin gwiwa, da direbobinsu, da kuma kai mai ɗaukar haya. Abin da muke so ka riƙe shi ne wannan: yawancin ciwon haidirolik daga mai yake tasowa. Ko man ya yi kaɗan, ko ya yi datti, ko ba irinsa aka zuba ba. Saboda haka a fara duba abu mai araha kafin a kwance famfo.

MENE NE HAIDIROLIK?

Haidirolik shi ne ɗaga kaya da ƙarfin mai. Ba a iya matse mai ya ƙanƙance kamar yadda ake matse iska. In aka tura shi da ƙarfi ta cikin bututu, dole ya ture abin da ke gabansa. Da wannan dabara tarakta ke ɗaga garma mai faifai uku, wadda nauyinta ya kai na buhu uku ko huɗu na gero, direba kuwa yatsu biyu kawai ya sa ya ja liba.

Wani mutumin Ailan mai suna Harry Ferguson ne ya fito da tsarin rataya garma a bayan tarakta da hannuwa uku. Ya yi rajistar dabarar a 1926, kuma a 1946 aka fara ƙera ƙaramar taraktarsa a Coventry ta ƙasar Ingila. Sunansa ne ke jikin Massey Ferguson da muka saba gani a gonakinmu. Sauran taraktoci, irin su Steyr da aka riƙa harhaɗawa a Bauchi, da Fiat, da Mahindra, da New Holland, duk a kan wannan tsari suke, sai ɗan bambancin wurin da aka sa kowane abu.

Ga sassan da ya kamata ka sani:

1. Mai. A yawancin taraktocin nan, man giya da man haidirolik ɗaya ne, a tumbi ɗaya suke.
2. Rariya ko filta. Ita ke tace mai kafin ya shiga famfo.
3. Famfo. Shi ke zuƙo mai ya tura shi da ƙarfi.
4. Bawul. Shi ne ƙofar da ke buɗe wa mai hanya ko ta rufe, gwargwadon yadda direba ya ja liba. Akwai kuma bawul na kariya, wanda ke sakin mai in nauyi ya yi yawa.
5. Silinda da fistin. Nan ne mai ke turawa hannuwa su tashi.
6. Hannuwa uku: biyu na ƙasa masu ɗagawa, ɗaya na sama.
7. Tiyo da mahaɗi, masu kai mai zuwa tirela mai juye kaya.

KAFIN KA TAƁA KOMAI

Wannan sashe ya fi kowane muhimmanci, domin rai ya fi garma.

1. Ka sauke garma har ƙasa, ka kashe inji, ka ja birkin hannu, ka zare makulli. Sa'an nan ka motsa libobi gaba da baya don ƙarfin man da ya rage ya sauka.

2. Kada ka shiga ƙarƙashin garmar da aka ɗaga, ko ƙarƙashin tirelar da aka kafe sama. Mai ne kaɗai ke riƙe da ita. In tiyo ya fashe, ko yaro ya taɓa liba, faɗowa za ta yi nan take. In aiki ya tilasta, a tokare da gungume mai ƙwari, ba da bulo ko dutse ba.

3. Kada ka nemi wurin yoyo da hannu. Ma'aunin da ake auna iskar taya da shi yana nuna 2 zuwa 3 a tayar ƙaramar mota. A wannan ma'auni, man haidirolik yana kaiwa kusan 200. In tiyo ya huje kamar bakin allura, man da ke fita yana iya huda fata ya shige cikin tsoka. Ka riƙe guntun kwali ka bi jikin tiyon da shi, inda ya jiƙe nan ne hujin.

4. In mai ya huda hannun wani, a kai shi asibiti a wannan sa'a, ko da raunin bai fi sukar ƙaya ba, ko da ba ya jin zafi. A je babban asibitin Tambuwal ko na Kebbe, a gaya wa likita cewa man inji ne ya shiga da ƙarfi, a tafi da galan ɗin man. Irin wannan rauni aiki ake yi masa a fitar da man. In aka tura ku Sakkwato, kada a kwana. Wanda ya tsaya ɗaure hannu da tsumma yana iya rasa yatsa ko hannun gaba ɗaya.

5. Man da ya yi aiki yana ƙuna kamar man suya. A bari ya huce.

ABUBUWA HUƊU DA ZA A FARA DUBAWA

Wata damina an kira ni wani ƙauye inda taraktar ƙungiya ta kwana biyar a tsaye. Sun riga sun haɗa kuɗi, sun aika Sakkwato an sayo sabon famfo, an ɗaura, garma ta ƙi tashi. Da muka zubar da mai muka ciro rariya, sai ga ta toshe da laka da zaren tsumma, ko haske ba ka gani ta cikinta. Muka wanke ta da kananzir, muka zuba sabon mai, garma ta tashi. Tsohon famfon da suka cire ba abin da ya same shi. Kuɗin taki ne na mutum goma sha wani abu ya tafi a banza. Don kada haka ta same ku, ku bi wannan tsari daki-daki.

Na ɗaya: libobi. A Massey Ferguson libobi biyu ne a hannun dama na direba. Ɗaya tana tsayar da hannuwa a tsayin da ake so. Ɗayar kuma ta zurfin huɗa ce, ita ke sa garma ta ɗan tashi da kanta in ƙasa ta yi tauri. In libar zurfi tana ƙasa, ko ka ja ɗayar garma ba za ta tashi ba. Ka mayar da su duka sama ka gwada. Sau da yawa yara ne suka yi wasa da su da dare.

Na biyu: kuloci. A taraktoci da yawa famfo yana tsayawa in aka taka kuloci har ƙasa. Direba ya ɗauke ƙafarsa ya sake gwadawa. In kulocin ya cinye, ko ba a daidaita shi ba, famfo ba zai sami juyi sosai ba.

Na uku: yawan mai. Ka tsayar da tarakta a wuri mai shimfiɗa, hannuwa a ƙasa, inji a kashe. Ka goge ƙurar da ke kewaye da geji kafin ka zaro shi. Ka goge gejin, ka mayar, ka sake zarowa. Mai ya tsaya tsakanin zanen ƙasa da na sama. In ya yi ƙasa a ƙara. Kada kuma a cika ya wuce zane.

Na huɗu: lafiyar mai. Ka ɗiga shi a farar takarda, ka murza shi a yatsu, ka shinshina.

- In ya yi fari-fari kamar koko da madara, ruwa ya shiga.
- In yana kumfa, iska na shiga.
- In ya yi baƙi yana warin ƙuna, ya daɗe ko ya sha zafi.
- In kana jin tsakuwa-tsakuwa a yatsa, ƙura ce ta shiga.
- In kana ganin ƙyalli kamar garin ƙarfe, wani abu yana cinyewa a ciki. A tsayar da aiki a kira makanike.

In kana shakkar ruwa, ka ɗebi man a kwalba mai haske ka ajiye ya kwana. Ruwa zai kwanta a ƙasa. Ko kuma ka ɗiga ɗigo ɗaya a kan ƙarfe mai zafi. Man da ke da ruwa yana tartsatsi.

ALAMOMIN CIWO DA ABIN YI

1. Garma ta ƙi tashi sam.
Ka bi abubuwa huɗun can. In duka daidai suke, ka kwance garmar ka gwada hannuwa su kaɗai. In sun tashi babu kaya, ƙarfi ne ya ragu, sai ka duba lamba 2. In ko motsi ba su yi ba, a zubar da mai a tsabtataccen baho a wanke rariya. In har yanzu shiru, to bawul ya maƙale ko famfo ya karye. Wannan aikin makanike ne.

2. Da safe tana ɗagawa, in rana ta yi sai ta gaza.
Mai yana tsinkewa in ya yi zafi, sai ya riƙa sulalewa ta wuraren da suka cinye. Ka tambayi direba wane mai aka zuba. In baƙin man inji ne da aka juye daga wata mota, ko mai ruwa-ruwa da aka saya a bakin hanya, a canja shi tukuna. In man daidai ne kuma rariya tsaf take, to famfo ya tsufa. Kafin a sayi sabo, makanike ya ɗaura agogon awo ya nuna muku ƙarfin da famfon ke bayarwa. Sau da yawa ana samun kayan gyaran cikinsa, ba sai an saye shi ɗungurungum ba.

3. Tana tashi, amma sai ta riƙa saukowa, ko ta riƙa zabura sama kaɗan-kaɗan kamar mai shaƙuwa.
Mai yana yoyo daga ciki, ba ka ganinsa a waje. Ga gwaji: a ɗaga garma, a kashe inji, kowa ya ja da baya, a kafa sanda a gefe a yi alamar tsayinta. In ta kai ƙasa cikin 'yan mintoci, zoben fistin ko zoben robar bututun ciki ya cinye, ko bawul ba ya rufewa sosai. Zoben roba ba shi da tsada, amma sai an ɗaga murfin da ke ƙarƙashin kujera, kuma murfin yana da nauyi ƙwarai. A bar wa wanda ya iya.

4. Famfo yana kuka, hannuwa suna tashi da karkarwa.
Famfo yana jin ƙishirwa. Ko mai ya yi ƙasa, ko rariya ta toshe, ko iska na shiga ta mahaɗin bututun zuƙo mai. Kada a ce bari a ƙarasa wannan gonar tukuna. Famfon da ya juya babu mai, sa'a guda ta isa ta kashe shi.

5. Tumbin tarakta ya yi zafin da hannu ba ya iya taɓawa, kuma kana jin ƙara kamar fito.
Bawul ɗin kariya ne ke ta sakin mai. Ko garmar ta fi ƙarfin taraktar, ko an bar liba a wurin da famfo ke turo mai ba tsayawa, wanda don aikin tirela aka yi shi. A mayar da liba wurinta. Kada ka yarda wani ya ɗaure bawul ɗin kariya wai don a ƙara ƙarfi. Wannan gyaran gangar auzinawa ne: yau garma za ta tashi, gobe famfo ko silinda ya tsage.

6. Huɗa ba ta daidaita, nan zurfi nan sama-sama.
Yawanci ba famfo ba ne. Ta hannun sama ne tarakta ke jin taurin ƙasa. In an sa shi a ramin da ba nasa ba, ko ya yi tsawo, ko filin da ke riƙe shi ya cinye an maye shi da guntun rodi, zurfi ba zai tsaya ba. A daidaita hannun sama har faifan gaba da na baya su ci ƙasa daidai, a kuma yi aiki da libar zurfi.

7. Tirela ta ƙi juye taki.
Ka duba mahaɗin tiyo ko ya shiga sosai, ko ƙasa ta cika bakinsa. Ka duba tiyon ko ya lanƙwashe. Ka tuna silindar tirela daga tumbin tarakta take shan mai, don haka a duba geji bayan an sauke ta. Takin gida mai laima ya fi busasshe nauyi nesa ba kusa ba. In an cika har ya yi tozo, a rage da shebur.

8. Mai yana ɗiga a ƙasa.
Ka wanke wurin, ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashi ya kwana, da safe za ka ga inda yake fitowa. In noti ne ya saki, a ɗaure bayan an kashe inji. In tiyo ne ya tsattsage ko ya kumbura, a canja shi. Ɗaurin roba da waya ba ya riƙe man haidirolik. Ka tafi da tsohon tiyon Jega ko Sakkwato don a ba ka mai tsawonsa da irin bakinsa.

TA INA DATTI DA RUWA KE SHIGA?

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A ƙasarmu ƙurar hunturu da iskar farkon damina ba sa barin ko'ina. Ga hanyoyin da muka fi gani:

- Jarkar da aka ɗebo ruwa ko gas da ita, aka kuma zuba mai a ciki.
- Mazurari da aka bari a ƙasa, ko tsumman da aka toshe bakin tumbi da shi bayan murfi ya ɓata.
- Robar gindin sandar giya da ta yage. Ruwan sama yana bin sandar ya gangara cikin mai.
- Wankin tarakta a gulbi, da ƙetare ruwa mai zurfi a fadama lokacin aikin shinkafa.
- Bakin tiyon tirela da ake ja a ƙasa.
- Tirelar aro. Tsohon man da ke cikin silindarta zai gauraya da naku.
- Duron mai da aka bari tsaye a waje, ruwa ya taru a samansa.

YADDA AKE CANJA MAI

1. A ɗan yi aiki da tarakta don man ya yi ɗumi, datti ya taso.
2. A sauke hannuwa, a kashe inji, a goge kewayen notin zubarwa. Wasu taraktoci noti biyu gare su, a kwance duka.
3. A tara man a baho. Tumbin ya fi jarka guda mai lita 25, don haka a tanadi wuri.
4. A duba kan notin. In yana da mayen ƙarfe, ɗan laushin baƙi ba komai ba ne. Gutsattsarin ƙarfe kuwa alamar ɓarna ce.
5. A wanke rariya da kananzir ko gas, a bar ta ta bushe. In ta yage a sayi sabuwa. Filta irin ta gwangwani ba a wanke ta, canjawa ake yi.
6. A zuba irin man da littafin taraktar ya faɗa, daga galan mai hatimi, ta mazurari mai tsabta. Araha ba ta ado.
7. A tada inji a hankali, a ɗaga hannuwa a sauke sau da yawa don iska ta fita, a sake duba geji.

Littafin kowace tarakta ya faɗi sa'o'in aikin da ake canja mai. In littafin ya ɓata, a canja sau ɗaya a shekara, cikin watan Afrilu ko farkon Mayu. Man da ruwa ya shiga kuwa ba ya jiran wata. Kada a zubar da tsohon mai a gona, ko kusa da rijiya, kada kuma a shafa wa dabba a gyambo.

IN AKWAI NA'URAR LODI

Wasu manyan gonaki da masu kwangila suna da cokalin lodi a gaban tarakta, ko ƙaramar motar lodi irin ta Bobcat. Asalinta ma don manomi aka yi ta: wasu 'yan'uwa biyu maƙera a jihar Minnesota ta Amurka suka ƙera ta a 1957 don kwashe kashin talo-talo daga ɗaki. Duk abin da muka faɗa ya shafe ta, har ma ya fi, domin ita da ƙarfin mai take tafiya, ba ɗagawa kaɗai ba. In man ya lalace, ko motsi ba za ta yi ba. Kada wanda ya sa kai ko jiki ƙarƙashin hannuwanta in suna sama, sai an sa ƙarfen tokara da aka yi dominta.

KAI MAI ƊAUKAR HAYA

Ko da ba ka da tarakta, kana da hannu a lafiyarta.

1. Ka tumɓuke kututture, ka kwashe manyan duwatsu tun rani. Wanda ya gagara ka kafa masa sanda direba ya gani. Garma in ta daki kututture, bugun har cikin silinda yake kaiwa.
2. Kada ka matsa wa direba ya huɗa ƙasar da ba ta sha ruwa ba.
3. Kada a ɗora buhuna ko mutane a kan garma don ta ƙara nutsewa.
4. Kafin a fara, ka ce a ɗaga garma a sauke a gabanka. In tana karkarwa ko tana saukowa da kanta, huɗar ba za ta yi kyau ba.
5. Ku yi magana tun farko a kan abin da za a yi in tarakta ta tsaya a tsakiyar aiki, don kada a yi rigima.
6. Ka kori yara daga bayan tarakta.

GA SHUGABANNIN ƘUNGIYA

Ku sayi littafi guda ku ba sakatare. A rubuta ranar da aka canja mai, da irin man, da ranar da aka wanke rariya, da duk lita da aka ƙara. In kun ga ana ƙara mai kowane mako, akwai inda yake tafiya. Ku ware wani abu daga kuɗin kowace gona da aka huɗa don gyara. Ku ajiye galan ɗin mai, da filta, da tiyo ɗaya, da zobban roba a ɗakin ajiya tun kafin damina. In makanike ya canja wani abu, ku karɓi tsohon. A yi wa tarakta rumfa, ko ta zana ce, kuma a sauke garma ƙasa duk lokacin da aka ajiye ta.

KA TUNA

- Liba, kuloci, yawan mai, lafiyar mai. Famfo shi ne na ƙarshe.
- Geji kowace safiya kafin a tada inji.
- Kwali ake neman yoyo da shi, ba hannu ba.
- Kada a shiga ƙarƙashin abin da mai ke riƙe da shi.
- Ba a fafe gora ranar tafiya. A gama gyara kafin hadari ya haɗu.

Domin ƙarin bayani sai ka tuntuɓi malamin gona na yankinku, ko sashen aikin gona na ƙaramar hukumar Tambuwal ko ta Kebbe. In an karanta maka wannan takarda, ka kai wa direban da ke yi muku huɗa shi ma ya ji.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin.